Kewar Gida Ta Kai Ni Kantin Turawa A Birnin Delhi

 

Tun da na dawo daga ƙasar Indiya mata ke tare ni a gidajen biki da na suna, kowacce da irin tambayarta. Wata ta ce ko na ga Amitabh ido da ido, wata ta ce wai da gaske ne suna waƙa da rawa a kan hanya, wata kuwa farashin sari kawai take so ta ji. Nakan yi dariya in ba su amsa daidai gwargwado. Amma akwai wani abu guda da ban cika faɗa ba, domin ni kaina ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuci. Shi ne zan kwance muku yau, ku taya ni aunawa.

Dalilin Tafiya

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. A shekarar 2018 ne ciwon ƙoda ya kwantar da yayata, wadda ke aure a garinmu Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo. Aka yi na gida, aka yi na asibiti a Gwarzo da Kano, daga baya aka ba da shawara a fita da ita waje. Kun dai san irin kuɗin da wannan magana ke ci. Sai da aka sayar da gonar gado guda, dangi kuma suka yi karo-karo, har da masu kawo kuɗin akuya. Da yake ni ce na ɗan taɓa boko a ɗakinmu, ina iya tsintar Turanci, sai aka ce ni zan yi rakiya. Muka tashi daga Kano, muka sauya jirgi a Adis Ababa, muka sauka birnin Delhi cikin watan Mayu.

Kafin in je, akwai wata Indiya da na daɗe da ginawa a kaina, irin wadda kowace Bahaushiya mai shekaruna ta gina. Mu ba a barinmu zuwa silima, a akwatin talabijin na maƙwabta muka san su, daga baya kuma a kaset na bidiyo. Wa zai manta da Nargis tana jan garma a cikin Mother India, fim ɗin da aka yi tun 1957? Wa zai manta da Dharmendra, wanda samarinmu suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi? Abin da ya sa muka so su shi ne mun ga kunya irin tamu, da auren dole, da uwar miji, da 'yan mata masu zuwa rafi da tulu. Watau ni a zatona gidan 'yan'uwa zan sauka.

Mako Uku Na Farko

Abin da ya fara tarbata shi ne zafi. Na ɗauka wadda ta sha bazarar Gwarzo ba ta da sauran abin tsoro, ashe da saura. A watan Mayu zafin Delhi kan haura awo 40, iska kuwa kamar daga bakin murhu take fitowa. Ga mutane kamar ƙasa, ga ƙarar oda ba dare ba rana. Abin da kawai ya ba ni dariya shi ne ganin A Daidaita Sahu birjik a titi, nasu kore da rawaya, ashe nan ne mahaifarsa.

Muka kama ɗan ɗaki a wani lungu kusa da asibiti. Kullum ina tsakanin ɗakin jinya da wurin gwaji da wurin biyan kuɗi. Abincinsu yaji da kayan ƙamshi sun yi wa cikina yawa. In na fita kasuwa sai a bi ni da kallo saboda baƙar fatata, wani yaro ma har nuna ni yake yi. In na taya abu sai in ga an faɗa mini kuɗin da ba shi aka faɗa wa ta gabana ba, ga ba baki balle in yi ciniki yadda na iya a Kasuwar Rimi. Wata rana na shiga wani ɗan shago na ce a ba ni Maggi don in ɗan gyara miya, sai mai shago ya miƙo mini ƙunshin taliya. Na ce ba shi ba, ya ce shi ne. Ashe su a wurinsu wannan suna na taliya ne mai saurin dahuwa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ina ji kamar in yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar Da Na Shiga Kantin

Wata Bayarabiya mai jinyar mijinta ce ta ga yadda na rame, ta ce in zo ta kai ni in sha iska. Ta kai ni wani katafaren gini a kudancin birnin, mai hawa-hawa, cike da kantuna ɗaruruwa a ƙarƙashin rufi guda.

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, na ji daɗi. Muna shiga sanyin iyakwandishan ya ratsa ni har ƙashi. Ƙasa tana sheƙi kamar an shafe ta da mai. Matakala da kanta take tafiya da mutum sama. Bayan gida tsaf, ga ruwa, ga sabulu, ga madubi. Ba mai kallona, ba mai nuna ni, 'yan matan kanti sai murmushi da sannu da zuwa. Kowane kaya da kuɗinsa a manne, abin da Ba'indiya za ta biya shi zan biya. Wadda ba ta yi mako uku ana cutarta a ciniki ba, ba za ta san daɗin wannan ba.

Sa'an nan muka shiga sashen kayan masarufi. Sai ga shayin Lipton, ga Nescafé, ga Coca-Cola, ga Dettol da Vaseline, kowanne da tambarin da na sani tun ina yarinya. Na ɗauki kwalin shayi na riƙe a ƙirji, na ce wa abokiyar tafiyata, "Yau na ga kayan gida." Muka hau sama na tambaya aka tabbatar mini da yankan kazar wani shago, na ci soyayyar kaza da dankalin Turawa, na sha lemo mai ƙanƙara. A daren nan na yi barcin da ban yi irinsa ba tun da muka sauka.

To, kun san abin da aka ce, daɗi kan sa akuya ta yi wa kura barka da yamma. Bayan kwana uku na koma ni kaɗai. Kafin wata ya cika na je sau biyar. In Yaya ta samu barci bayan an yi mata wankin ƙoda, sai in sulale in tafi in zauna cikin sanyi, in sayi ɗan abin taɓawa don kada a ce zaman banza nake yi.

Inda Zuciya Ta Rabu Biyu

A zuwa na biyar ne na zauna a wani shagon shan gahawa irin na Amurka. Da aka kawo takardar kuɗi na juya shi a kaina zuwa naira, sai gabana ya faɗi. Kofi guda ya kai abin da zai ciyar da mutum yini guda a rumfunan bakin titi. Kuɗin nan kuwa ba nawa ba ne. Kuɗin gonar mahaifinmu ne, da kuɗin akuyar gwaggo.

Da na fito, idona ya buɗe ga abin da na riƙa wucewa ban kula ba. A bakin hanya ga yara ba takalmi suna tallar alƙalami da furanni, su ma sun san iyakarsu, ba sa ko kusantar ƙofa. A tsallake ana wani sabon gini, ga mata cikin tsofaffin sari suna ɗaukar bulo a ka cikin wannan rana, jariransu na kwance a inuwar katanga. Na ce a raina, ga Nargis ɗin da nake nema, ashe tana nan, ni ce na bi ta gabanta sau biyar na shige sanyi.

Amma abin da ya fi taɓa ni a ɗakin Yaya ya faru. Na kawo mata biskit da lemon kwalba, na ce, "Yaya, ga ɗan kayan gida na samo miki." Ta dubi ledar, ta dube ni, ta ce da muryar mara lafiya, "Wane gidan, 'yar nan? Ni da za ki samo mini kunun tsamiya, da kin gama mini komai."

Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Na zauna na lissafa duk abin da na rungume a kantin nan ina kira na gida. Babu ɗaya da sunansa ya fito daga Unguwar Tudu, ko Gwarzo, ko Kabo, ko Kano. Babu daddawa, babu kuka, babu man shanu, babu ƙuli-ƙuli. Kewar gida ta kama ni, amma abin da zuciyata ta ruga ta kama kayan kamfanonin Ingila da Amurka da Suwizalan ne. Sai na tambayi kaina, yaushe aka yi mini wannan musanya ban sani ba?

Washegari na nemi izinin likita a kan kunun, ya ce a ba ta kaɗan. Na shiga kasuwar talakawa da ke bayan masaukinmu, wadda na yi ta gudu. Sai ga garin gero, su suna ce masa bajra. Ga dawa, ga tsamiya tuli, ga kuɓewa ɗanya shar, ga riɗi da gyaɗa, har da 'ya'yan zogale da suke sawa a miya. Na dama kunu a kan ɗan rishonmu, Yaya ta sha ludayi uku, ta yi hamdala. Ashe gidan da nake nema yana bayan ɗakina, a hannun matan nan masu kallona.

Su Ma Indiyawan Zuciyarsu Biyu Ce

Daga nan na fara tambaya da karance-karance, na gane cewa wannan ja-in-ja da na ji a raina su Indiyawa sun fi shekara ɗari suna yin sa. A shekarar 1921 Mahatma Gandhi ya jagoranci ƙona tulin tufafin Ingila a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai. Hujjarsa ita ce ana kwashe audugarsu a kai masaƙun Ingila, a dawo musu da yadi su saya da tsada, masaƙansu kuwa na zaune da yunwa. Ya ce kowa ya koma kaɗi da hannunsa, shi kansa kullum sai ya yi.

Bayan sun sami mulkin kai a 1947 suka daɗe suna takura wa kayan waje. A 1977 kamfanin Coca-Cola ya tattara ya bar ƙasar, saboda gwamnati ta ce kada hannun jarin baƙi ya wuce kashi 40 cikin 100. Wani kamfanin gida ya fito da nasa lemon mai suna Thums Up, mutane suka karɓe shi. Sai a 1991, da aljihun gwamnati ya bushe, aka buɗe ƙofa. Coca-Cola ya dawo a 1993, ya kuma saye Thums Up ɗin, amma bai iya kashe sunan ba domin masu sha sun riƙe abinsu. KFC ya buɗe shagonsa na farko a Bangalore a 1995, a farkon 1996 manoma suka far wa shagon don nuna ƙin yarda. McDonald's kuwa da ya zo Delhi a 1996, dole ya ajiye naman shanu da na alade, ya koyi yin curin dankali da yaji irin nasu ya sa a tsakiyar burodi. Ku lura da wannan, baƙon ne ya bi bakin masu gida.

Kafin mu taso na je wani kanti na hukuma a Connaught Place, tsakiyar birnin, inda ake sayar da yadin da aka kaɗa zarensa da hannu aka kuma saƙa da hannu. Da na ji sunan yadin sai na yi turus, wai khadi. Harshe ba ɗaya ba, amma a kunnen Bahaushiya kamar an ce kaɗi. Na ga 'yan boko da manyan mata suna zaɓa suna biya ba tare da jin kunya ba. Gwamnatinsu ma ta yi doka a 1985 wadda ta keɓe wasu irin tufafi ta ce masaƙan hannu kaɗai za su yi su.

Akwai kuma labarin da na fi so ku riƙe. A 1959 wasu mata bakwai a Bombay suka ranto rupi 80, suka hau rufin gida suna murza wata 'yar siririyar waina busasshiya ta garin wake, wadda suke ci da abinci. Ƙungiyar tasu, Lijjat, ta girma har matan cikinta suka haura 40,000. Mace takan karɓi ƙullu da safe, ta murza a ɗakinta, ta kawo a biya ta, kuma namiji ba ya zama ɗan ƙungiya. Shin wannan ya bambanta da yadda muke yin taliyar hannu da ƙuli-ƙuli a cikin gidajenmu? Bambancin kawai su sun haɗa kai, sun sa wa abinsu suna da tsabta da awo guda.

Kada ku ɗauka ina cewa can aljanna ce. Masaƙansu da yawa talakawa ne, 'yan matansu na birni kuma sun fi namu son wandon Turawa. Amma sun karɓi na baƙo ba su saki nasu ba.

Mu Fa?

Mu ma ai muna da tarihi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙi da rinin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wa ke kaɗa zaren? Kakanninmu mata ne, a cikin ɗaki. Ni na tashi na ga Innarmu da taskira da mazari da alli, tana gurzar auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa abawa da arafiya, a kai wa masaƙa. Da kuɗin zare ta yi wa Yaya gwado da tasoshi.

Sannu a hankali aka shiga zamanin Kingsway da Leventis, wadda ta sayo abu a can ta fi kowa a unguwa. Masaƙun zamani suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Kaduna, su ma daga baya yawancinsu suka durƙushe, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin. A 2014 aka buɗe Shoprite a Kano, mata suka riƙa yin ɗinki don zuwa ɗaukar hoto a ciki, a watan Janairu na 2024 kuma ya rufe ya tafi. Mai kanti yakan zo ya tafi yadda riba ta nuna masa. Abin tambaya shi ne, in ya tafi me ya rage a hannunmu?

Ku dubi ɗakin amarya. Daga ƙwarya da akushi aka koma tasa, daga tasa aka koma langa da fanteka, sai tangaran, sai kuloli jeri-jeri waɗanda wata har ta tsufa ba ta zuba abinci a ciki ba. Uba ya sayar da amfanin gona tun yana tsaye, uwa ta ci adashi uku, don dai kada a yi da su. Ku dubi tukunya kuma. Yarinya ta iya jefa ɗunƙule huɗu a miya, amma ba ta san yadda ake dafa kalwa a yi daddawa ba, har tana toshe hanci.

Ba cewa nake yi mu koma dutsen niƙa ba. Wadda ta yi niƙa da asuba har hannunta ya yi kanta ta san injin niƙa rahama ne. Firji rahama ne, sabulu da bayan gida mai tsabta haƙƙin kowace mace ne, kuma na'urar Turawa ce ta wanke jinin yayata. Sanyin da na sha a kantin nan ma ba zan ce ban ji daɗinsa ba, ko gobe aka kai ni zan ji. Abin da na ƙi shi ne a wayi gari mun raina duk abin da hannunmu ya iya, sai wanda ya zo cikin kwali.

Saboda haka, uwargida, in za ki sayi abu ki tambayi kanki, aiki zai rage mini ko kuwa don idon kishiya da maƙwabta ne? Kuɗin wa zan kashe, kuma in akwai mai yin irinsa a unguwa, me zai hana kuɗin ya tsaya a hannunta? In kuna da adashi, ku gwada juya zubi guda ya zama jarin sana'a ta haɗin gwiwa, ku tsabtace ta, ku ƙulla ta da kyau, ku tsayar da awo.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe karatu da kyau, domin da ban iya karanta takardar likita ba da ban amfani Yaya da komai ba. Amma in an yi hutu ku zauna kusa da kaka. Ku koyi abu guda daga hannunta, ko daddawa, ko saƙar faifai, ko ɗinkin hula, ko kaɗi in har mazarinta na nan. Ku rubuta yadda ake yi a littafi, tun masu sani suna raye.

Yaya dai Allah Ya ba ta sauƙi mun dawo gida, ko da yake gona ta tafi. Tsarabar da na kawo wa Inna yadi biyu ne na khadi. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce, "Wannan ai abawa ce, mai kaɗin hannunta bai faɗa ba tukuna." Da na gaya mata abin da na biya, sai ta riƙe baki, ta aiki jikarta ta ɗauko mata tsohuwar taskira daga ƙarƙashin gado.

Wadda ke da abin cewa a kan wannan magana, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ta rubuto mana, fili naku ne.